Kada mu tura wa 'ya'yanmu wuta ta waya

Daren jiya a wata fada da ke kusa da bakin tafki, nan Madarumfa, ana jiran shayi na biyu ya nuna, wani saurayi ya kafa waya a baki yana ɗaukar murya zuwa ga wansa da ke Faransa. Ya riga ya tura masa bidiyon wani uba a Gaza rungume da ɗansa cikin likkafani. Sai na ji yana cewa: "Yaya, kuna can tsakiyarsu kuna cin burodi, ana kashe 'yan'uwanmu, ba wanda ya motsa. Wallahi da ni ne a can…" Bai ƙarasa ba ya saki, saƙo ya tafi. Abokai suka ce ya yi maganar maza.

Na san wan nasa. Wanke kwanoni yake a gidan abinci, takardarsa ba ta gama fitowa ba, kuma kuɗin da yake turowa ne ke sayen geron gidansu. Yaron da ke kwana shi kaɗai cikin sanyi, ga kewar gida, ga wulaƙancin baƙunta, shi ake tsokana daga nan ana kiransa matsoraci. Ya ku iyaye da malamai da samarin garin nan, wannan abu ya fara yawa a wayoyinmu, kuma ina tsoron ranar da wani zai ɗauki maganar da gaske.

Baƙin cikin Gaza gaskiya ne. Tun watan Oktoban 2023 an kashe dubun-dubatar mutane, mata da yara cikinsu, kuma duk mai zuciya sai ya ji ciwo. Gwamnatocin da ke sayar da makamai za su amsa nasu. Amma wanda ya ɗauki wuƙa ya daɓa wa malamin makaranta, kamar yadda aka yi wa Dominique Bernard a garin Aras ranar 13 ga Oktoba 2023, jinin yana wuyansa, ba a wuyan wata gwamnati ba. Wanda ya zuga shi daga nesa kuwa yana da nasa kaso, ko da yana zaune kan tabarma a Ɗan Isa ko Jiratawa.

Ku tuna Janairun 2015 a Paris. Ranar 7 ga wata, 'yan'uwa biyu, Sa'id da Sharif Kouachi, suka kashe mutum 12 a harin jaridar Charlie Hebdo. Ɗaya daga cikin mamatan ɗan sanda ne Musulmi, Ahmed Merabet, yana kwance a ƙasa da rauni aka ƙarasa shi. Kwana biyu bayan haka Amedy Coulibaly, wanda iyayensa 'yan Mali ne, ya kashe Yahudawa huɗu a wani kanti. A cikin kantin nan akwai wani ma'aikaci, Lassana Bathily, shi ma ɗan Mali, shi ma Musulmi. Shi ya ɓoye masu sayayya a ɗakin sanyi na ƙasa, ya kashe injin, ya sulale waje ya yi wa 'yan sanda bayanin yadda ginin yake. Asali ɗaya, gari ɗaya, labaran da suke gani a talabijin ɗaya. Don haka kada wani ya ce mani zalunci ne ya tilasta wa mutum kisa, Bathily ma ya san zalunci.

Sannan wutar ta tsallako gida. Shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya je tattakin juyayin harin a Paris ranar 11 ga wata, jaridar ta sake fitar da zanen ɓatanci, zukata suka tafasa. Ranar Juma'a 16 ga wata aka ƙone cibiyar al'adun Faransa da majami'u a Damagaram, washegari Yamai ta kama. Mutum goma suka rasu, an ƙone majami'u da dama. Ko ɗaya daga cikin masu zanen bai ji zafin wutar nan ba. 'Yan Nijar ne suka mutu, maƙwabtanmu Kiristoci ne suka kwana a sansanin soja.

Na Maraɗi ya fi kusa da mu, kuma shi na fi so ku riƙe. A watan Yunin 2019 aka kama wani limami saboda ya ce dokar tsara harkokin addini da gwamnati ta kawo ta saɓa wa Musulunci. Kafin gari ya waye an cinna wa majami'ar unguwar Zariya wuta, har da motar fasto. Da aka saki malamin sai ya fito ya roƙi mutane su daina, ya ce waɗanda suka fassara masa takardar daga Faransanci ne suka ɓatar da shi. Malami ke nan mai ilimi da almajirai, fassara ta yaudare shi. To ina ga yaron da ke kallon bidiyon da bai san wa ya ɗauka ba, bai san yaushe ba, an ɗora masa muryar Hausa a kai?

Kuma wa ke biyan bashin idan abu ya faru a can? 'Yar'uwarmu mai hijabi da ake tofa wa yawu a jirgin ƙasa, da masallatan da ake rufewa, da wanda ake hana sabunta takarda. A watan Afrilun 2025 an caccaka wa Aboubakar Cissé, matashi ɗan Mali, wuƙa har lahira a cikin masallaci a kudancin Faransa, ya je da sassafe ya yi shara. Masu ƙin Musulmi suna nan suna jiran hujja, kada mu miƙa masu ita da hannunmu.

Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda ya shiga ƙasar mutane da amana, jininsu da dukiyarsu sun haramta gare shi. Biza amana ce, takardar zama amana ce. Ina roƙon limamanmu su faɗi wannan a huɗubar Juma'a da Hausa ƙarara, don a ɗauka a tura kamar yadda ake tura waɗancan. Mai son taimakon Falasɗinawa yana da hanya: sadaka, addu'a, zanga-zangar lumana da doka ta yarda da ita, ƙuri'a ga mai ita.

Uwa, idan kina da ɗa a Turai, kira shi yau. Kada maganar ta tsaya kan kuɗi. Tambaye shi masallacin da yake zuwa, wa'azin wa yake saurare, su wa yake kwana hira da su. Idan kin ji ya fara kafirta kowa, ko ya ce rayuwa ba ta da sauran amfani, ki haɗa shi da babban da yake jin nauyi tun a daren.

Saurayin nan na fada kuwa, na bi shi har ƙofar gidansu na roƙe shi ya goge saƙon. Ya duba wayar ya ce, "Baba, ai ya riga ya saurara." Na ce to ya kira shi yanzu, ina tsaye, ya janye maganarsa.