Shinkafa mai dusa: abin da ake kiran mutanen Filifin su koma wa

Ƴan uwa mata, mu da muke surfe kullum mun san inda dusa take zuwa: bakin awaki. To, a ƙasar Filifin, can kudu maso gabashin Asiya, dusar nan ce ake ta magana a kanta.

Mutanen Filifin shinkafa ce cimarsu, safe da rana da dare. Da can a turmi suke casa ta, ɓuntu kawai ke fita. Da injina suka zo sai aka koma goge ta fes, dusa da idon ƙwayar duk su tafi. Ai kuwa ciwon beriberi, na rashin bitamin B1, ya yi ta ɗaukar jarirai, har wani mai haɗa magani, Manuel Zamora, ya fitar da magani daga dusar shinkafa, ana ce masa tiki-tiki.

Yau damuwarsu ƙiba ce da ciwon sukari da hawan jini. Farar shinkafa tana saurin narkewa, sukari ya hau jini da sauri, ba a jima ba yunwa ta dawo. Mai dusa, wadda suke kira pinawa, tana narkewa sannu sannu, ta riƙe ciki. Shi ya sa cibiyar binciken shinkafa ta ƙasar, PhilRice, take kiran jama'a su koma mata. Wani binciken jami'ar Harvard na 2010 ma ya nuna masu musanya giram 50 na fara da mai dusa kullum, haɗarin kamuwa da sukari ya ragu musu da kashi 16 cikin ɗari.

Amma fa tana da nata hali. Tana cin itace da ruwa, sai an jiƙa ta kafin a ɗora. Man da ke cikin dusar yana sa ta ɓaci da wuri, ba a ajiye ta da yawa. Kuma wanda ya cika kwano ya danne, ko mai dusa ce ƙiba ba ta sauka.

Mu nan farar shinkafar buhu ta shiga tukwanenmu, ga masu sukari cikinmu. Mu rage surfe gero da dawa, mu nemi gumi in ya samu, mu ƙara wake da zogale, mu rage kwano. Mai shan magani kada ta daina sai likita ya ce. Ranar zubi mai zuwa kowa ta zo da labarin tukunyarta.

Allah ya ba mu lafiya.