Nazarin Halayen Taurari a Labaran Ban Tsoro: Amfanin Aikin Haɗin Gwiwa a Aji

1.0 Gabatarwa

Daga 2016 zuwa 2020, Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma ta sanya littafin The Castle of Otranto cikin manhajar adabin Ingilishi, daga baya Wuthering Heights na Emily Brontë ya biyo sahu. Ta haka ne ɗaliban sakandare na birnin Sakkwato, kamar takwarorinsu na sauran garuruwa, suka yi kiciɓis da nau'in ƙagaggen labari da Turawa ke kira gotik. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda raba aji ƙungiya-ƙungiya zai taimaki ɗalibi ya tsallake abubuwan al'ajabi ya kai ga halin tauraro, wanda shi ne maƙasudin nazari.

2.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Horace Walpole ya wallafa Otranto a Ingila a 1764, kuma masana sun ɗauke shi a matsayin mafarin wannan nau'i, wanda ya haifi Frankenstein a 1818 da Dracula a 1897. Kayan aikinsa su ne tsohuwar fada, da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, da fatalwa, da tsohon zunubi da aka binne. Labarin ya buɗe ne da wani ƙaton kwalkwali da ya faɗo ya murƙushe Conrad, ɗan Sarki Manfred, ranar ɗaurin aurensa.

A nan ne matsalar take. Idan aka ce ɗalibi ya bayyana halin Manfred, sau da yawa sai ya koma ba da labarin kwalkwali da fatalwa, ya kammala da cewa Manfred mugu ne. Wannan hukunci ne, ba nazari ba. Nazari shi ne gano abin da ya tura mutum ga mugunta. Kakan Manfred ya ci sarauta ne ta hanyar sa wa mai ita, Alfonso, guba. Tsoron ƙarewar zuriya ne ya sa Manfred neman rabuwa da matarsa Hippolita don ya auri Isabella, amaryar ɗansa, har ya kai ga soke 'yarsa Matilda bisa kuskure.

3.0 Mabuɗi Daga Adabin Hausa

Ɗalibin Sakkwato ba baƙo ba ne ga wannan jigo. Ya tashi a garin da gadon sarauta da halaccinta suke da nauyi tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Bugu da ƙari, akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito bayan gasar da aka shirya a Zariya a 1933. A cikinsa Malam Shehu ya raba Abubakar da Zainabu da ƙarfin dukiya, Abubakar ya nemo asiri ya lalata ɗan da suka haifa, wato Kyauta, ya zama ɓarawo, har ajalin uban ya zo ta hannunsa.

Hausawa na cewa alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi. Amma a littattafan nan biyu, 'ya'ya ya fara cizo. Wannan saɓani tsakanin karin magana da labari shi ne tambayar da ta dace a ɗora aikin aji a kanta.

4.0 Tsarin Aikin

Malami zai raba aji gida huɗu, ya ba su kamar mako uku.

Ƙungiya ta farko za ta zana salsalar gidajen biyu a babbar takarda, ta nuna inda laifi ya faro da wanda ya faɗa wa.

Ta biyu za ta tattara shaida a kan Manfred da Abubakar ta fuska uku: abin da tauraro ya faɗa, da abin da ya aikata, da abin da wasu suka ce game da shi, kowace da lambar shafi.

Ta uku za ta ɗauki waɗanda aka zalunta, wato Matilda da Hippolita da Zainabu da Kyauta, ta binciki ko suna da zaɓi ko babu.

Ta huɗu za ta jera abubuwan al'ajabi, ta cire su ɗaya bayan ɗaya, ta duba ko halin tauraro zai sauya. Galibi za a tarar bai sauya ba: asiri bai ƙirƙiri ƙullatar Abubakar ba, makami kawai ya ba ta.

A ƙarshe sai a zauna zaman shari'a. A naɗa alƙali da muhuti, a gurfanar da Manfred da Abubakar, wasu su yi ƙara, wasu su kāre. Sharaɗi ɗaya ne: ba a karɓar magana sai da hujja daga littafi. Wanda aka ɗora wa kāre Manfred tilas ya nemo tsoro da nadama a zuciyar mutumin da a da ya kira mugu kawai.

5.0 Abin Lura

Aikin taro yana da aibinsa. Masu baki kan mamaye zance, masu kunya su laɓe. Maganin haka shi ne kowane ɗalibi ya rubuta nasa hukuncin a shafi ɗaya bayan zaman, a ba shi maki dabam da na ƙungiya. Inda littattafai suka yi ƙaranci, Otranto babi biyar ne kacal, don haka ana iya karanta shi a bayyane, a tattauna da Hausa, a rubuta da Ingilishi.

6.0 Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka kuma ido ɗaya ba ya ganin dukan fuskokin tauraro. Ɗalibin da ya koyi tambayar dalili kafin yanke hukunci ya sami abin da zai amfane shi a zauren jarrabawa, da kuma ranar da za a kawo masa ƙarar ɗan'uwansa.