Ɗaukar Ciki Bayan Shekara 35 a Ƙasar Yauri

Likitoci suna lissafa macen da ta ɗauki ciki bayan shekara 35 cikin masu bukatar kulawa ta musamman. A Turai, irin wannan mace galibi cikinta na fari ne ko na biyu. A Yelwa da Wara da Shanga da ƙauyukan bakin tafkin Kainji kuwa, sau da yawa haihuwarta ta bakwai ce ko ta takwas, don haka nauyin shekaru da na yawan haihuwa ne suke haɗuwa a jiki ɗaya.

Cikin haɗurran da take fuskanta, hawan jini ne kan gaba. Idan awo ya kai 140/90, ga kumburin fuska da hannuwa har zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai da gani dishi-dishi, to jijjiga na iya biyo baya, wadda a wasu gidajen ake ɗauka iska ce, a tsaya hayaƙi da tofi. Asibiti na da allurar da ke tsayar da ita. Ciwon suga na lokacin ciki shi ma yana ƙaruwa da shekaru. Yakan sa jariri ya yi girman da zai wahalar da naƙuda. Ɓari da tagwaye da mutuwar ɗa a ciki duk sun fi yawa a wannan zango. Larurar Down, mai jinkirta girma da fahimtar yaro, tana samun kusan haihuwa 1 cikin 100 idan uwa ta kai shekara 40.

Zubar jini bayan haihuwa ya fi komai gaggawa. Mahaifar da ta haihu sau biyar ko fiye takan yi sanyin tsukewa bayan faɗowar mabiyiya, sai jini ya ɓalle, kuma cikin sa'o'i biyu yana iya kashewa. Ga matar da zazzaɓin cizon sauro ya riga ya rage mata jini, abin ya fi muni. Nan ne nisa ke shiga lissafi: daga tsibiri ko tungar masunta a Ngaski, sai an nemo mai kwalekwale, an sami man inji, wataƙila cikin dare, kafin a kai gaɓa a nemi motar zuwa babban asibitin Yauri.

Abin takaici, wannan uwar ce aka fi sakaci da ita. Ana cewa ta saba, ita ma tana jin kunyar zama layin awo tare da sa'o'in 'yarta, har takan ɓoye cikin.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, na farko cikin wata uku na farkon ciki. A can ake auna jini da fitsari, a ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi, hoto kuma ya nuna kwanciyar ɗa da mazaunin mabiyiya. Yawancin matan da suka sami wannan kulawa suna sauka lafiya. Wadda gidanta ke ƙetaren ruwa, ya fi mata ta koma wajen dangi kusa da asibiti da shigar watan haihuwa, maigida kuma ya tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini tun kafin naƙuda ta taso.