Rage Ƙiba: Bayan An Kai Gaci Ne Babban Aiki Yake Farawa

A cikin watan Disamba na shekarar 2009 ne wani Ba'amurke mai suna Danny Cahill ya cinye wata gasar rage ƙiba da gidan talabijin na NBC yake nunawa, wadda ake kira The Biggest Loser. Sa'ad da ya shiga gasar nauyinsa kilo 195 ne, amma cikin wata bakwai ya sauko zuwa kilo 87, aka kuwa ba shi kyautar dala 250,000. Ko da aka sāke auna shi bayan shekara shida, sai aka tarar nauyinsa ya koma kilo 134.

Abin da ya sami wannan mutum ba shi kaɗai ya sama ba. Likitoci sun daɗe da sanin cewa sauke ƙiba aiki ne guda, hana ta dawowa kuwa wani aiki ne dabam wanda ya fi na farkon wuya. Ga mai ciwon sukari ko hawan jini wanda likita ya umarta ya rage jiki, wannan magana ce ta lafiya da tsawon rai, domin in ƙibar ta dawo, yawancin amfanin da aka samu yakan tafi.

Jiki yakan yi gardama

Wani masani mai suna Dokta Kevin Hall, wanda a lokacin yake aiki a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasar Amurka, ya bi sawun mutum 14 daga cikin waɗanda suka yi gasa tare da Cahill, aka buga sakamakon a shekarar 2016. In aka yi raba-daidai, kowannensu ya sauke kilo 58 a lokacin gasar, amma bayan shekara shida kilo 41 ya dawo. Mutum ɗaya tak ne nauyinsa bai ƙaru ba.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne yadda jikin waɗannan mutane ya rage ƙona abinci. Ko mutum yana kwance, jikinsa yana ƙona makamashi domin numfashi da bugun zuciya da ɗumin jiki, ana kuwa auna wannan da ma'aunin da ake kira kalori. An tarar jikinsu yana ƙona wajen kalori 500 a kowace rana ƙasa da abin da ya kamata ga masu girman jiki irin nasu, watau kwatankwacin faranti guda na dafaffiyar shinkafa. Ma'ana, in suka ci daidai da abin da wani mai nauyi irin nasu yake ci, shi zai zauna yadda yake, su kuwa su yi ta ƙiba.

Ban da wannan kuma, ga yunwa. Kitsen jiki yana fitar da wani sinadari mai suna leptin, wanda Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller da abokan aikinsa suka gano a shekarar 1994, shi ne yake sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a jiki. In kitse ya ragu sai leptin ya ragu, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga. A shekarar 2011 wasu likitoci a birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya suka bayyana cewa mutanen da suka sa wa tsarin rage cin abinci na mako goma, har bayan shekara guda leptin ɗinsu bai koma daidai ba, sinadarin da yake tayar da yunwa kuwa, watau girelin, yana nan sama da yadda yake a da. Saboda haka wanda ƙibarsa ta dawo ba lalle ne a ce rago ne ko mai kwaɗayi ba. Jikinsa ne yake ƙoƙarin mayar da abin da ya rasa.

Su ma sababbin magungunan allura ba su kawar da wannan matsala ba. Wani bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa waɗanda suka daina allurar semaglutide, wadda ake sayarwa da sunan Wegovy ko Ozempic, kashi biyu cikin uku na nauyin da suka sauke ya dawo cikin shekara guda.

Waɗanda suka riƙe nasara

Duk da haka akwai waɗanda suka sauke ƙiba ba ta dawo ba. A shekarar 1994 wasu masana biyu, Rena Wing da James Hill, suka buɗe wata rajista a Amurka domin mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da rabi suka kuma riƙe hakan har shekara guda ko fiye. Sama da mutum 10,000 ne suka shiga. Hanyoyin da suka bi wajen sauke ƙibar sun sha bamban, amma halayensu na bayan nan sun yi kama da juna ƙwarai.

Kashi 90 cikin ɗari suna motsa jiki wajen awa guda kowace rana, galibi da tafiya a ƙasa. Kashi 78 ba sa barin karin kumallo. Kashi 75 suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, kashi 62 kuma ba sa kallon talabijin ya kai awa goma a mako. Su ma 'yan gasar da Dokta Hall ya bincika, an lura cewa waɗanda suka fi riƙe nasararsu su ne waɗanda suka fi ci gaba da motsa jiki bayan gasar.

Amfanin hawa sikeli a kai a kai shi ne a ga ƙarin kilo ɗaya ko biyu tun da wuri, a gyara kafin ya zama goma. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ya yi dubu bai fita ba.

Abin da mai karatu zai ɗauka

Da farko, kada mutum ya zaɓi tsarin abincin da ba zai iya zama a kansa shekara da shekaru ba. Wanda ya haramta wa kansa tuwo da shinkafa baki ɗaya, ran da ya gaji zai koma musu da haɗama. Gara a rage malmala, a yawaita ganye da wake, a sa ido kan mai da sukari. Babban cokali guda na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da wajen kalori 120, kwalbar lemo mai zaƙi guda kuwa wajen kalori 150.

Na biyu, tafiyar ƙasa ta zama al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa baligi ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, mai son hana ƙiba dawowa kuwa gara ya nufi adadi na sama.

Na uku, kada ƙarin ɗan nauyi ya sa a yanke ƙauna. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da suke dab da kamuwa da ciwon sukari, da aka sa su neman rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 100, kilo bakwai ke nan kawai. Mai shan magani kuwa, musamman na sukari ko na hawan jini, ya tuntuɓi likitansa kafin ya sāke tsarin abincinsa, ya kuma riƙa komawa ana duba shi ko bayan ya kai nauyin da yake nema, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.