Takarda kamin tubali: shirin gina gida a sabon fili

Bayan kaka, in an saida wake da gujiya, mutane da yawa sukan sayi fili don su gina gida. Wasu da sun biya kuɗi sai su kira magini. Nan ne ake yin kuskure. Akwai ayyukan da ya kamata a gama kamin a aza tubali na farko. Wanda ya tsallake su yana iya rasa filin, ya rasa ginin, ya rasa kuɗinsa duka.

A san mai filin

Aiki na farko shi ne bincike. Ba duk mai noma wuri ne ke da shi ba. Wani aro aka ba shi. Wani jingina ce a hannunsa. Waɗannan ba su da ikon saidawa.

In filin na gado ne, sai dukan magada sun yarda, maza da mata, har da wanda ya tafi ci-rani. Sau da yawa ɗan'uwa guda yakan saida a ɓoye. Bayan shekaru sauran su taso, shari'a ta tashi, gini ya tsaya.

Akwai kuma wuraren da ba na kowa ba ne shi kaɗai: burtali, makiyaya, mashayar dabbobi, hanya, filin kasuwa da na makaranta. Dokar kiwo ta shekarar 2010 ta kare burtali da makiyaya. Wanda ya yi gini a kansu ana iya rushe shi.

Saboda haka mai saye ya tambayi mai gari, ya tambayi maƙwabta na gabas da yamma, kudu da arewa.

Takardar ƙauye

A da, magana da shaidu sun isa. Amma shaidu suna tsufa, suna mantuwa, suna mutuwa. Takarda ita ce ke zama.

A ranar 2 ga watan Maris 1993, Nijar ta kafa dokar tsarin karkara. Daga wannan doka aka samu hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira kofo. Akwai kofo ta ƙauye, da ta kwamin, da ta gunduma. Mai gari ne ke shugabantar ta ƙauye.

Mai saye da mai saidawa su je gaban kofo tare da shaidunsu. A je a ga wurin da ido. A auna shi. Sa'an nan a rubuta takardar shaidar saye. Takardar ta ƙunshi:

1. Sunan mai saidawa da na mai saye.
2. Wurin da filin yake, da tsawonsa da faɗinsa.
3. Sunayen maƙwabta na kusurwa huɗu.
4. Kuɗin da aka biya.
5. Sunayen shaidu, da kwanan wata, da hatimi.

Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai an karanta takardar a gaban jama'a. In da faransanci aka rubuta ta, a fassara ta da hausa. Wanda ya iya karatu ya duba sunansa da lambobi da kansa. Inda babu kofo a ƙauye, sai a tafi ta kwamin.

Takardar birni

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da sauran manyan garuruwa, hanyar dabam ce. Can ana yanka filaye, a fidda tituna, a ba kowane fili lamba. Takardar da ake riƙewa ita ce wadda ma'aikatar magajin gari ke bayarwa.

Kamin a biya, mai saye ya kai lambar filin ma'aikatar, a duba littafi. Ta haka ake gane ko sunan mai saidawa ne ke ciki, ko kuwa an riga an saida ma wani. Fili guda yakan samu masu saye biyu ko uku. Bayan ciniki, a juya takardar ta koma sunan sabon mai shi. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit.

Takardar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta mallaka, wadda ma'aikatar filayen gwamnati ke bayarwa. A shekarar 2006 aka fito da wata mai sauƙin samu, ana kiranta Sheda. A birni kuma ana neman izinin gini a ma'aikatar magajin gari kamin a fara aiki.

A kafa iyaka

Iyaka ita ce uwar rigima tsakanin maƙwabta. A birni masu awo suna kafa turakun siminti a kusurwa huɗu. Mai fili ya neme su, ya auna da kansa. Misali, fili mai metir 20 a tsawo da metir 20 a faɗi, kewayensa metir 80 ne. In awo bai kai ba, a koma ma'aikata kamin a yi gini.

A ƙauye a kafa duwatsu ko a dasa aguwa, maƙwabta suna tsaye. Kada katanga ta ci hanya ko taƙi guda.

In gardama ta tashi, a fara zuwa wurin mai gari, sa'an nan wurin sarki. In an sasanta, a rubuta. In ba a sasanta ba, a rubuta kuma, sai a kai ma alƙali.

A san hanyar ruwa

Fili da rani duk ɗaya yake. Da damana ake gane halinsa. Fili mai araha sau da yawa cikin kwari yake, ko bakin gulbi. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

A shekarar 1945 gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, har aka maida gari bisa tudu. A 2020 kogin Kwara ya shiga unguwannin Yamai. A 2024 ruwa ya rushe gidaje masu yawa a ƙasar Maraɗi, ya kada tsohon masallacin Birni a Damagaram. Ruwa ba ya mance hanyarsa. A tambayi tsofaffin wurin inda yake bi, da inda yake kwanciya.

Shirin gini

In takarda ta samu, sai a zauna da magini. A zana inda ɗakuna za su zama, da zaure, da madafa, da garke. Salanga ta yi nisa da rijiya, kamar metir 30, kuma ta kasance ƙasa da ita wajen gangare.

A yi lissafin tubali, siminti, ƙofofi, kwano ko azara, ruwan gini da ladan ma'aikata. A daidaita kuɗin magini a gaban shaidu. A riƙa biyansa kashi kashi, gwargwadon aikin da ya yi. In kuɗi kaɗan ne, ɗaki guda mai rufi ya fi ɗaki uku da ruwa zai tarar a buɗe.

A buga tubali bayan kaka, ya bushe sarai. A haƙa tushe har a taras da ƙasa mai tauri. In da hali a sa dutse da siminti a gindi, a ɗaga daɓe ya fi tsakar gida tudu. Hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas yana son yaɓe mai kauri. Indararo ya yi tsawo, ya zubar da ruwa nesa da gindin bango. Mai son saran icen rufi ya nemi izini wurin ma'aikatan gandun daji. A yi ƙoƙari a rufe ɗaki kamin watan Mayu ya ƙare.

A adana takarda

Gara, ɓera, gobara da ruwa duk abokan gaban takarda ne. A sa ta cikin leda, a sa cikin akwatin ƙarfe. A yi kwafi a ajiye wurin wani amintacce. Maigida ya nuna ma matarsa da manyan ƴaƴansa inda take, don ranar da ba ya nan ita ce za ta tsaya masu.