Medina: Sunan Gari Da Ya Koma Sunan Gida

Bahaushen da ya ji an kira wani mutumin Sifaniya da suna Medina, nan take hankalinsa zai tafi birnin Manzon Allah. Ya kusa, amma bai kai ba. Kalmar dai ta Larabci ce, madina, wato birni, ta kuma sami gindin zama a ƙasar bayan da Ɗariƙu bin Ziyad ya tsallaka teku da rundunarsa a shekarar 711.

Garuruwa ne suka riga mutane ɗaukar sunan. Akwai Medinaceli, wanda asalinsa Madinatu Salim ne, da Medina Sidonia a kudu, da Medina del Campo mai shahararriyar kasuwa, inda Sarauniya Isabela ta rasu a 1504. Da garuruwan suka koma hannun sarakunan Kirista, kalmar Medina ta ci gaba da zama a cikin sunayensu. To sai mutum ya baro ɗayansu ya yada zango a wani wuri, maƙwabta su riƙa ce masa Juan de Medina, wato Juan na Medina, kamar yadda mu ma muke cewa Aminu Kano ko Shehu Shagari. A gidaje da yawa ƙaramar kalmar nan "de" ta zube a hanya, jikoki suka gaji Medina tsagwaronsa.

Shi ya sa nake murmushi idan na ji ana cewa duk mai wannan suna jinin Larabawa ne. Sunan yana nuna garin da kakansa ya baro, bai ce komai a kan ƙabilarsa ba. Shi kansa basaraken Medina Sidonia, wanda ya jagoranci jiragen yaƙin da suka sha kashi a hannun Ingila a 1588, Alonso Pérez de Guzmán sunansa. Medina a wurinsa sarauta ce kawai.

Rubutu ne ya ɗaure sunan: da farko littattafan baftisma da na aure a majami'u, daga baya dokar rajistar jama'a ta 1870. Amma tun kafin nan ya riga ya haye teku. Wani ɗan kasuwa daga Ishbiliya, Bartolomé de Medina, ya sauka Pachuca ta ƙasar Meziko, kuma wajen 1554 ya gano dabarar tace azurfa: a niƙe dutsen ya yi laushi, a baza shi a fili, a cuɗa da gishiri da zaiba, a bar shi makonni. Fiye da shekara 300 masu haƙar ma'adinan yankin suka yi suna cin moriyar wannan dabara.