Yadda masana ke gwada tsohon maganin ƙwayoyin cuta a kan ciwon daji

Daga manyan shagunan magani na Abuja zuwa ƙananan kemis na garuruwa irin su Agyaragu a jihar Nasarawa, doxycycline sanannen magani ne mai araha, wanda likitoci ke rubutawa tun 1967 domin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. A 'yan shekarun nan, masana sun fara bincikar ko zai iya rage yaɗuwar ciwon daji.

Dalilin binciken yana cikin ƙwayoyin halittar jiki. A cikinsu akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, waɗanda ke samar da kuzari. Masana sun yi ittifaƙin cewa asalinsu bakteriya ne, shi ya sa maganin da ke hana bakteriya gina sinadaran jikinta yake iya raunana su.

A 2015, Farfesa Michael Lisanti da abokan aikinsa na Jami'ar Manchester a Ingila sun gwada doxycycline da azithromycin da wasu magunguna a ɗakin gwaje-gwaje, kan ƙwayoyin ciwon daji iri 8, har da na mama da huhu da ƙwaƙwalwa. Sun tarar cewa magungunan sun dakushe ƙwayoyin da ake ɗauka su ne tushen dawowar cutar bayan an yi jinya.

A 2018 aka wallafa sakamakon wani ƙaramin gwaji da aka yi a Pisa ta ƙasar Italiya, kan mata 15 masu ciwon dajin mama. An bai wa 9 daga cikinsu doxycycline na kwana 14 kafin tiyata, kuma alamar waɗancan ƙwayoyi ta ragu a jikin 8. Gwajin bai nuna cewa maganin ya warkar da kowa ba, kuma adadin matan ya yi kaɗan a yanke hukunci.

Lamarin ya shafi Najeriya kai tsaye. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa sama da mutum 120,000 ke kamuwa da ciwon daji a ƙasar duk shekara, kuma na mama ne ke kan gaba. Tsohon magani da aka san illolinsa ya fi sabo sauƙin kuɗi da saurin isa ga marasa lafiya, idan manyan gwaje-gwaje suka tabbatar da amfaninsa.

Kafin lokacin, shan doxycycline ba da umarnin likita ba yana da haɗari. Yana sa bakteriya su bijire wa magani, ba a kuma so masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 8 su sha shi. Wanda ya ji ƙullutu a mama ko ya ga gyambon da ya ƙi warkewa, asibiti ya kamata ya nufa da wuri, domin jinkiri ne ke sa cutar ta gagari magani.